Yadda za ka yi da masu kiran bin bashi da sunayen bogi a waya

Kusan kullum sai wani ya tsaya a shagona na gyaran waya a Agege, ya miƙo wayarsa ya ce, "Malam, don Allah toshe min wannan lambar." In na duba sai in tarar ba ɗaya ba ce, goma ce ko ashirin, duk na masu bin bashin manhajar waya. Wani shi ya ci bashin, wani ƙaninsa ne ya ci aka sa lambarsa, wani kuwa bai ma san ana cin bashi ta waya ba. Masu aiko min da tambaya daga Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago ma maganar ke nan. Toshewa kowa ke fara nema, amma a jerin nan ita ce ta biyar, domin wanda ya fara da ita yakan zubar da hujjarsa da hannunsa.

Abin da za ka tanada: wayar da ake kiran ka a kai, littafi da biro, bayanin shige da ficen asusunka na banki, da adireshin imel, naka ko na wanda ka amince da shi. Yawancin matakan kyauta ne. Abin da zai ci kuɗi shi ne data, kuɗin mota, buga takardu, sai sabon katin ATM in ta kama.

1. Kada ka yarda da sunan da ya fito a fuskar waya

Wani dattijo mai sayar da albasa a Mile 12 ya zo min da hantsi, hularsa a hannu, gumi har wuyan riga. An kira shi tun asuba, kuma sunan da ya fito a wayar na babban jami'in ɗan sanda ne, da kalmar Panti a gefe. Duk wanda ya zauna Legas ya san Panti da ke Yaba, ya san Alagbon da ke Ikoyi, ofisoshin 'yan sanda masu binciken manyan laifuka, ba wanda ke son a ambaci sunansa a can. An ce masa ɗansa ya ci bashi ya gudu, in bai tura naira 45,000 kafin azahar ba za a zo da mota a ɗauke shi a gaban buhunansa. Na ce, "Baba, zauna ka sha ruwa." Na buɗe Truecaller a wayata, na nuna masa wurin da mai layi ke rubuta sunan da ya ga dama. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To ashe ni ma zan iya zama kwamishina."

Truecaller ba hukuma ba ce, kamfani ne na ƙasar Suwidin. Sunayen da yake nunawa yana samo su ne daga yadda mutane suka adana lamba a wayoyinsu, da kuma abin da mai layin ya rubuta wa kansa. Hoton da ke WhatsApp ma haka, kowa na iya ɗora tambarin EFCC ko hoton mai kaki. Akwai kuma wanda ya fi wannan: kiran da aka yi ta intanet ana iya sa masa lambar da ba tasa ba, har ta yi kama da ta bankinka. Saƙon tes ma yana iya zuwa da sunan banki ko na kotu a sama, alhali daga ɗakin wani ya fito.

Abin yi shi ne ka katse, ka nemi lambar wurin da kanka, ka kira. In banki aka ce, lambar na bayan katinka na ATM, ko ka taka zuwa reshe. In ofishin 'yan sanda aka ce, duba mataki na bakwai.

Gargaɗi: kada ka kira lambar da mai kiran ya karanto maka "don ka tabbatar". Abokin aikinsa ne zai ɗauka. Haka nan in Truecaller ta sa wa lamba jan tambari, wannan ma ra'ayin jama'a ne, tana iya zama ta wanda da gaske yake bin ka.

2. Amsa sau ɗaya, kai ne mai tambaya

Ɗauki kira ɗaya a natse, littafi a gabanka. Yawancin wayoyin Tecno, Infinix da itel suna da maɓallin naɗar murya a fuskar kira, danna shi. In Turanci na ba ka wahala, yi da buroka, ko ka buɗe murya wani ya taya ka. Ka tambayi sunan kamfanin da ya yi rajista da shi, ba sunan manhaja kaɗai ba, domin kamfani ɗaya yakan riƙe manhaja biyar ko fiye. Ka tambayi sunan mai magana, adireshin ofis, sunan wanda ya ci bashin, ranar da aka tura kuɗin, asusun da aka tura, nawa ne uwar kuɗi, nawa ne ruwa, nawa ne tara. Sannan ka ce a turo maka duk wannan a rubuce, kuma daga yau a rubuce za ku riƙa magana.

Mai bin bashi na gaskiya yana da waɗannan a gabansa. Wanda ya hau faɗa da zagi don an tambaye shi adireshi, ka riga ka samu amsa.

Gargaɗi: kada ka faɗi BVN, NIN, ranar haihuwa, lambar kati, lambar sirri, ko lambar nan ta OTP da ke shigowa ta tes. Wani zai karanto rabin BVN ɗinka ya ce ka cika, kada ka cika. Kada ka rama zagi, su ma suna naɗa, kuma taka muryar kaɗai za su yanka su yaɗa. Kada kuma ka ce "gobe zan biya" don a ƙyale ka ka yi barci, goben da wannan maganar za a tashe ka.

3. Gano matsayinka a cikin maganar

Mutum uku ake kira, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

In kai ka ci, duba bayanin asusunka ka ga nawa ya shigo da gaske. Sau da yawa wanda ya nemi 20,000 yakan ga 14,000 ko 15,000, an zare sauran tun a sama da sunan kuɗin hidima, sannan a ce ya biya fiye da 20,000 cikin kwana bakwai. Rubuta abin da ya shigo, da abin da ka riga ka biya, da ranaku.

In wani ne ya sa lambarka, ko aka kwashe ta daga wayarsa, ba ka da bashi. Za a ce maka kai ne ka tsaya masa. Tsaya wa mutum a bashi sai da amincewarka a rubuce, ba a zama mai tsayawa don kawai lambarka na cikin wayar wani. Ka ce a nuna maka inda ka sa hannu.

In kuwa ba ka san sunan da ake kira ba sam, mai yiwuwa layinka tsoho ne da kamfanin waya ya sake sayarwa bayan mai shi ya daɗe bai yi amfani da shi ba. Amma in sunanka ake kira daidai kuma ba ka ci ba, to wataƙila wani ya yi amfani da BVN ɗinka. Wannan yakan faru ga waɗanda ke miƙa waya da kati ga yaron shago ko mai POS ya cike musu fom. Nemi rahotonka daga kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi: CRC Credit Bureau, FirstCentral, ko CreditRegistry. Dokar rahoton bashi ta 2017 ta ba ka damar karɓar rahoto ɗaya kyauta a shekara. In ka ga rancen da ba naka ba, ka rubuta musu ƙorafi, ka kuma sanar da bankinka a ranar.

Ko wanne ne kai, shiga shafin hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ka duba jerin kamfanonin rance da ta amince da su. Tun 2022 ta wajabta musu rajista. Rashin sunan kamfani a jerin abu ne da za ka sa a ƙorafinka.

4. Tara hujja, sannan ka riga su zuwa wurin mutanenka

Ɗauki hoton allo na kowane saƙo, yadda lamba da rana da lokaci za su fito. Ɗauki na jerin kira. Shiga manhajar ka ɗauki na yarjejeniyar rance, da adadin da suke nema, da sunan kamfani in akwai. Duk wanda aka tura wa saƙon ɓatanci a kanka, roƙe shi ya ɗauki hoton a wayarsa ya turo maka, kada ya tura saƙon kawai, don lambar wanda ya aiko ba za ta fito ba. Tura komai zuwa imel ɗinka, ko wayar matarka ko ta amininka. A Oshodi waya takan bar aljihu ba sallama.

Yanzu abin da ya fi wuya. Waɗannan mutane ba su da mota, ba su da ankwa, abin da suke da shi kunyarka ce. Na ga wani matashi mai kai nama daga mayankar Oko-Oba, bashin 12,000 ne a kansa. Aka ɗauki hotonsa aka rubuta ɓarawo a ƙasa, aka tura wa duk wanda ke wayarsa, har surukinsa a Funtua da limamin masallacinsu. Abin da ya fi ƙona masa rai ba kuɗin ba ne, kiran da surukin ya yi ne, ya ce, "Yaro, me nake gani haka?" Da shi ya fara faɗa musu da bakinsa, da saƙon ya iske mutane sun riga sun sani.

Saboda haka ka rubuta gajeren saƙo da kanka, ko ka naɗi murya, ka tura wa waɗanda kake jin nauyinsu. Misali: "Salamu alaikum Kawu. Na karɓi ƙaramin rance a wata manhaja, muna da saɓani kan lissafi. Mai yiwuwa su kira ka ko su turo magana marar daɗi a kaina. Kada ka tura musu ko sisi, kada ka amsa, ka ɗauki hoton saƙon ka turo min." Da ciwo, na sani. Amma bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma Kawun da kake jin kunya shi ma ya taɓa ci.

Gargaɗi: ka jaddada wa iyaye mata da tsofaffi a gida kada su biya. Su ne aka fi tsoratarwa, kuma kuɗin da suka tura sau da yawa ba ya ma shiga lissafin bashin.

5. Rufe ƙofar wayarka, sannan ka toshe

Bi wannan jerin yadda yake. Shiga saitin waya, ka nemi jerin manhajoji, ka buɗe ta rancen, ka shiga wurin izini. Cire mata izinin ganin lambobi, saƙonni, hotuna, kyamara da wurin da kake. Bayan haka ka goge bayananta, sannan ka cire ta. Tun ƙarshen watan Mayu na 2023 Google ya hana manhajojin rance da ke Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane, shi ya sa marasa gaskiya suka koma turo manhajarsu ta mahaɗi a WhatsApp ko tes. Duk wadda ba daga Play Store ka sauke ta ba, ɗauka ta kwashe komai. Abin da suka riga suka kwasa ba ya dawowa, kana hana na gaba ne.

In ka taɓa sa lambobin katin ATM a manhajar, suna iya zarar kuɗi ba tare da sun tambaye ka ba. Je banki a rufe katin a ba ka sabo. Za a caje ka kuɗin kati, kuma ya fi sauƙi a kan ka wayi gari an kwashe cinikin jiya.

Yanzu toshe. Danna lambar a jerin kira ka riƙe, zaɓin toshewa zai fito. A WhatsApp shiga saiti, sashen sirri, sashen kira, ka kunna abin da ke sa kiran baƙuwar lamba ya shigo shiru. A nan kuma ka gyara wanda zai iya sa ka a rukuni, ka mayar da shi waɗanda ke cikin lambobinka kaɗai, ka ɓoye hotonka ga baƙi. Bar musu ƙofa ɗaya, imel, ka faɗa musu ta nan za ka amsa.

Mutane na yawan tambaya ta game da tura STOP zuwa 2442. Yana da amfani, kyauta ne, amma tallace-tallacen da ke bi ta kamfanonin waya yake tsayarwa. Ba ya hana mutum mai layi a hannu kiran ka.

Gargaɗi: cire manhaja ba ya goge bashi. Kuma kada ka yar da layinka. Yana haɗe da NIN da asusunka, da shi abokan ciniki suka san ka, in ka bar shi ya mutu wani za a sayar wa, saƙonnin bankinka su riƙa zuwa hannunsa. Mai sana'a kuma kada ya kunna toshe duk baƙuwar lamba, direban da ya taso da kayanka daga Kano da layin yaron mota zai kira ka.

6. In bashin naka ne, biya ta hanyar da za ta rufe maganar

Cin mutuncin da suka yi maka laifinsu ne, amma bai sauke nauyin abin da ka karɓa ba. Malamai kan kawo hadisin da ya ce jinkirin mai hali zalunci ne, haka kuma aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Maganar ruwan da aka ɗora, ka kai wa malaminka. Ni dai shawarata ta shago ita ce ka rabu da su da wuri.

Rubuta musu abin da ya shigo asusunka, abin da ka biya, da abin da za ka iya biya da ranakunsa. Nemi a cire tarar jinkiri. Sau da yawa suna yarda, musamman in sun ga ka san sunan FCCPC. Kada ka tura komai sai sun amsa a rubuce cewa adadi kaza ne zai rufe bashin.

Lokacin turawa, dubi sunan da ya fito a kan asusun kafin ka sa lambar sirri. In sunan mutum ne ba na kamfani ba, tsaya. Yaran da ke kira wasu kan ba da asusunsu, su ce za su share maka rabi, kuɗin ya tafi aljihunsu, bashin na nan. Bayan ka biya, adana rasit, ka nemi takardar shaidar cewa ka gama. Bayan wata biyu ka duba rahotonka a kamfanonin da na ambata, ka ga ko an gyara.

Gargaɗi: kada ka ci bashin wata manhaja don ka biya wannan. Wanda ya zo min da lambobi ashirin, da manhaja ɗaya ya fara. In kuma bashin na banki ne, ka sani tun watan Agusta na 2020 akwai tsarin GSI na Babban Bankin Najeriya, wanda ke ba banki damar cire abin da yake bin ka daga asusunka na wasu bankuna, bisa takardar da ka sa wa hannu lokacin karɓar rance. Sauya banki ba mafita ba ce a nan, zama da su ne.

7. In an yi maka barazanar kamu ko kotu

Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum don kawai saɓa yarjejeniya ko rikicin da ba na laifi ba, kuma bashi na cikin wannan. Sashe na 36 ya hana kama wani a madadin wani, wato ba a kama uba don ɗa. Inda magana ke canzawa shi ne in an yi amfani da sunan ƙarya ko takardun jabu wajen karɓar kuɗin, wannan zamba ce.

Hanyar da doka ta ba mai bin bashi ita ce kotu. Legas na da kotun ƙananan ƙararraki a kotunan majistare tun 2018. Sammaci na gaskiya yana da sunan kotu, lambar ƙara da ranar zama. In an turo maka wata takarda mai jan hatimi, kada ka biya don tsoro, kada kuma ka yar. Je kotun da aka rubuta, ka nuna a ofishin rajista, za su faɗa maka ko akwai ƙarar. In akwai, ka halarta. In gayyata ce ta gaske daga caji ofis, kada ka je kai kaɗai. Tafi da lauya ko wani babba daga shugabannin kasuwarku ko fadar Sarkin Hausawan unguwarku. Wanda ba shi da kuɗin lauya, gwamnatin Legas na da ofishin lauyoyi masu kare talaka kyauta, wanda aka fi sani da OPD, da cibiyar sasanci da aka fi sani da CMC, ita ma kyauta, duka a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a.

8. Kai ƙara inda ya dace

Manhajar rance da ke zagi, barazana ko kiran mutanenka, FCCPC za ka kai wa, ta shafinta na karɓar ƙorafi. Ba wasa take yi da su ba: a watan Maris na 2022 ta kai samame ofisoshin wasu a Ikeja, kuma ƙa'idojin da ta fitar a 2025 sun tanadi tara har naira miliyan 100. Kwashe lambobinka da yaɗa hotonka kuwa aikin hukumar kare bayanan jama'a ne, NDPC, ƙarƙashin dokar 2023. Tura wa duka biyun, ba laifi.

In banki ne ko bankin ƙananan rance mai lasisin Babban Bankin Najeriya, CBN, fara rubuta wa bankin, ka karɓi lambar ƙorafi. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, ka kai sashen kare abokan hulɗa na CBN. Ƙa'idojinsa na 2019 sun hana kiran bin bashi tsakanin ƙarfe 9 na dare da 8 na safe sai da yardarka, don haka lokacin da ke jikin hoton kiran nan hujja ce. Abin da ya shafi layi, kamar kira da lambar da aka sauya mata fuska, fara da kamfanin wayarka, in ba su yi komai ba ka kira hukumar sadarwa, NCC, a 622, kyauta. Barazanar kisa ko ta zuwa gidanka, ko yin sojan gona da sunan ɗan sanda, wannan caji ofis mafi kusa za ka kai, da takardun a buge.

Takardar kada ta wuce shafi ɗaya, da Turanci mai sauƙi: sunanka da lambarka, sunan manhaja da na kamfani, ranar rance, abin da ya shigo, abin da ka biya, abin da suka yi da ranakunsa, da abin da kake so, wato a daina kiran ka da mutanenka, a gyara lissafi, a goge bayananka. Jera hotunan bisa kwanan wata, ka sa musu lamba. In wani ne ya rubuta maka, sa ya karanta maka da Hausa kafin a tura, kuma imel ɗin ya zama wanda kai ma kake iya buɗewa, don ta nan amsa za ta zo. Rubuta lambar ƙorafin da aka ba ka a bangon littafin nan. In mako biyu ya wuce shiru, sake turawa da lambar a saman takarda, ka haɗa da duk sabon kiran da ya shigo a tsakani.